Hantsin Ayashe

Na yi ritaya, gwiwoyina sun fara ƙara, sunayen magunguna da yawa sun gudu daga kaina, amma har gobe ban manta da ranar da Hansai ta tsaya a bakin ɗakin awo tana murza gefen hijabinta ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan kafin a tashi taro, to shi zan ba ku. Ke mai danna waya a can baya, ajiye ta, ba zan cinye miki yini ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Bebeji, ba nisa da dam ɗin Tiga. Muƙamina ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko. Ga wanda ba ɗan gida ba, ma'anar wannan ita ce ni ba likita ba ce, ba kuma cikakkiyar nas ba. Mu ne masu awon ciki, masu rigakafi, masu auna nauyin yara, masu karɓar haihuwa idan ta zo da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu tura babban asibiti. Amma a ƙauye duk wadda ta sa farar riga likita ce, don haka Likita suke kirana, na gaji da gyara musu na ƙyale. Shugabanmu, wanda muke ce wa incaji, Malam Sabo ne, mutum mai sanyin hali. Ni kuwa waɗanda suka yi aiki da ni sun sani, bakina ba ya jiran izini.

Yawancin mutanen da muke yi wa aiki waɗanda ruwan dam ya tasa ne daga garuruwansu na asali, aka ba su sabon matsuguni. Mazansu na kamun kifi, suna noman rani a bakin ruwa. Mutanen kirki ne, sai dai idan suka kafe a kan abu, sai a hankali.

An gama girbin dawa ke nan. Ranar awo ce, Hansai ta zo da ƙaramin ciki, tana kukan ciwon baya da na ƙafafu, ta ce idan ta zauna da ƙyar take tashi. Na duba ta, na ba ta abin da ake bayarwa, na sallame ta. Kowa ya watse, ina tattara kayan aiki, sai na ga har yanzu tana tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, "Lafiya, Hansai? Ko kin yi mantuwa ne?"

Ta ce, "Likita, don Allah akwai maganin da ake ba yaro ya tashi ya yi tafiya?"

"Wane yaron?"

"Ta wajena ce. Ta haura shekara biyu, ko tsayuwa ba ta yi."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Kina da 'ya a gida har ta shekara biyu ban taɓa ganinta a rigakafi ba? To gobe da safe ki kawo min ita."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba a fita da ita."

"Ba a fita da ita kamar yaya? Zinariya ce da za a sace?"

Sai kawai ta fashe da kuka. Na jawo mata benci, na ba ta ruwa, na bari ta yi mai isarta, sannan ta ba ni labari.

Ashe wabi take yi. Ku 'yan birni da ba ku san kalmar ba, wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana. Hansai ta binne uku, babu wanda ya kai yaye. Uwar mijinta, Iya Tabawa, ta lura da abu guda: kowane daga cikinsu sai da aka fita da shi cikin mutane, a wajen biki ko barka, aka yi ta yaba ƙibarsa da kyansa, sannan ciwo ya kama shi. A wajenta magana ta ƙare, baki ne da ido. Don haka da aka haifi ta huɗu, aka yi mata laƙabi da Ayashe, irin sunan da ake ba 'yar wabi don a nuna kamar ba a damu da ita ba, sai tsohuwar ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Ta rantse cewa idon bare ba zai ga yarinyar nan ba, kuma babu mahaluƙin da zai tsallaka dokin ƙofa da ita, sai ranar da ta fito da ƙafarta.

Na je na sami incaji na zayyana masa. Ya ce, "To Hajiya, ni dai kin san ba zan shiga gidan matan aure ba. Ko mu sami mai unguwa ya sa baki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan mai unguwa ya shiga maganar nan, ƙofar da take a saye za a rufe ta da sakata. Bari in je da sunan duba mai ciki."

Ya ce, "Ki je, amma don Allah ki bar faɗan a nan ofis."

Washegari da hantsi na hau acaɓa. Gida ne mai tsafta, tsakar gida fes, ga komar kamun kifi a shanye a kan igiya, ga rana ta cika ko'ina. A kusurwa ga ɗakin Iya Tabawa, asabari a sake a ƙofa, 'yar tagar an toshe ta da tsumma da buhu. Tsohuwar na zaune a bakin ƙofa kamar mai gadi. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida da jiki da gajiyar kaka. Na duba Hansai a rumfa. Sai da na sha ruwansu sannan na ce, "Iya, an ce kina da ƙawa a ɗaki. Ba za a bar ni in gaishe ta ba?"

Ta harari Hansai, ta dawo da idonta kaina. Ta daɗe tana auna ni. Sannan ta ce, "'Yar nan, ki duba da hannu. Kada bakinki ya yaba ta."

Na ce, "Na ji, Iya." Na yi bisimilla na shiga.

Sai da na tsaya idona ya saba da duhun. Ɗakin ba silin, kwano ne tsirara a kan katako, ga ƙamshin turaren wuta. A kan katifa na ga yarinyar a zaune, an sa mata hular ulu, rigar sanyi da safa, ga layu a wuya. Ba ƙazanta, ba alamar wulaƙanci ko kaɗan. Wallahi ban taɓa ganin yaron da ake ji da shi kamar wannan ba. Kuma ban taɓa ganin wanda so ya yi wa illa kamarta ba.

Na ce tubarkalla, na cire mata hular. Kanta sharkaf da gumi, goshin ya turo gaba, maɗigarta har yanzu a buɗe, alhali ya kamata a ce ta daɗe da rufewa. Haƙora 'yan ƙalilan. Wuyan hannunta da idon sawunta sun yi kauri kamar an ɗaura musu zare. Na shafa haƙarƙarinta, na ji ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Da na ɗaga ta na ɗora ƙafafunta a ƙasa, sai ta tsandara ihu ta naɗe su, ƙwaurin ya lanƙwashe kamar baka. Iya Tabawa ta fizge ta daga hannuna ta rungume.

Ku sababbin shiga, ku riƙe waɗannan alamomin, don za ku gamu da su. Wannan shi ne laushin ƙashi da ƙarancin bitamin D ke kawowa. Shi wannan sinadarin, fatar mutum ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta, kuma shi ne ke sa jiki ya iya tsotsar kalsiyam, wato abin da ke ƙarfafa ƙashi. Abinci kaɗan ne ke ɗauke da shi, irin su kifi da gwaiduwar ƙwai. Mutane kan yi dariya su ce a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya ta yaya yaro zai rasa rana? To yana rasawa. Yaron da kullum yake ɗaki, ko kullum yake naɗe cikin kaya har ba a ganin fatarsa, ya rasa. Wanda uwarsa ba ta samun rana tun tana da cikinsa, da ƙarancin ya zo duniya, nononta ma ba zai cike masa ba. Bakwaini ya fi shiga haɗari. Mu masu duhun fata kuma mun fi buƙatar daɗewa a hasken kafin jiki ya haɗa abin da zai ishe shi. Idan aka ƙara da yaye a kan kunu zalla, ba madara ba kifi, to an gama haɗa ciwon. Ayashe duk ta tara waɗannan in ban da bakwaini. Uwarta ma yini take a ɗakin tana taya tsaro, ga dalilin ciwon bayan nan nata.

Na tambayi abin da take ci. Aka ce kunun dawa da koko, sai ɗan tuwo. Na ce, "Kifi fa?" Iya ta ce ƙaya za ta shaƙe ta. Jama'a, 'yar masunci! Ubanta na fitar da tarwaɗa da karfasa kwando-kwando zuwa kasuwa, ita ko romon ba ta taɓa lasa ba. Na ce, "Ƙwai fa?" Ta ce ba ta son a koya mata sata. Na ce, "Iya, ɓarayin da suka sace mana injin ruwa a asibiti, na tabbata ba ƙwai ne ya lalata su ba." Hansai ta toshe baki, tsohuwar ko gezau.

Nan na fara wa'azina. Na ce yarinyar nan rana take buƙata, a fito da ita tsakar gida kowane hantsi, a kuma kai ta babban asibiti a ɗauki hoton ƙafar. Na ce idan aka bari ƙashin ya ƙeƙashe a haka, ko ta tashi a karkace za ta tashi, kuma mace ce, ƙugunta zai tsuke, ranar haihuwarta a sha wahala. Na ce ciwon kan kawo tari mai tsanani, har da taune-taune. Duk na faɗa, murya tana ta hawa.

Iya Tabawa ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce, "Idan ta tashi da ƙafarta za ta fita."

Na ce, "Iya, ai ba za ta tashi ba sai ta fita!"

Ta ce, "To sai ta zauna. A zaune dai tana numfashi."

Na koma asibiti raina a ɓace. Malam Sabo ya kira likitan babban asibitin da muke tura wa marasa lafiya, ya miƙo min wayar. Na lissafa masa abin da na gani da abin da na taɓa. Ya ce a ƙa'ida sai an kawo ta an yi hoto da gwajin jini. Na ce, "Likita, yarinyar nan ko tsakar gidansu ba ta sani ba." Sai ya ce alamomin ba su da ɓoyo, in auna nauyinta in gaya masa, zai rubuta maganin ɗigawa na bitamin D da na kalsiyam a sayo daga Kano. Amma ya ja kunnena, ya ce maganin na 'yan watanni ne. Idan aka gama ta koma duhu da kunu, ciwon zai dawo, kuma na cikin uwar ma yana kan hanya ɗaya.

Da maganin ya iso na koma, da ma'aunin nauyi a jaka. Wannan karon na aika a gaya wa uban yarinyar, Ɗanjuma, ya jira ni kada ya tafi ruwa. Dogon mutum ne marar magana, hannunsa duk sawun igiyar koma. A zaure ya gaya min cewa ya taɓa zuwa wajen liman a kan rantsuwar, liman ya ce Iya na iya yin kaffara ta warware. Da ya kawo mata maganar, ta ce azumi ba zai tono mata ukun da ta binne ba. Ya ce, "Likita, uwata ce. Ba zan ɗauke yarinya daga hannunta da ƙarfi ba. Idan na yi haka wani abu ya faru, na kashe mutum biyu."

Muka shiga ɗakin mu huɗu. Ban yi wa'azi ba. Na zauna a ƙasa kusa da tsohuwar na ce, "Iya, rannan na yi ta surutu ban tambaye ki ba. Me kike tsoro?"

Ta shafa ƙafar yarinyar. Sannan ta ce, "Ina amarya ruwa ya ci garinmu. Kabarin uwata da na ubana suna ƙarƙashin dam ɗin can, ɗana yana wucewa ta kansu da kwalekwale kullum. Na ce ba komai, Allah ya ba mu sabuwar ƙasa. Sabuwar ƙasar kuma na ba ta jikoki uku da hannuna. Ni na wanke su, 'yar nan. Ke kin zo kina ce min rana, rana. Ni ina ruwana da rana? Ban taɓa faɗa da rana ba. Idon mutane nake tsoro. Tsakar gidan nan kowa shigowa yake, mai talla, mai ɗiban wuta, mai neman aron turmi."

Na ce, "Ashe da za ta sami rana ba tare da kowa ya gan ta ba, ba ki da ja?"

Ta ce, "Da me zan ja?"

Na fara tunanin a kewaye wani lungu da zana, amma sai an tsallaka dokin ƙofa da ita, rantsuwa ta hana. Tagar kuwa ko kan mutum ba zai shiga ba, kuma arewa take kallo. Muna cikin haka na ga Ɗanjuma ya ɗaga kai yana kallon rufi. Sai ya fita. Jim kaɗan muka ji an jingina tsani, sai ƙarar guduma a kanmu. Iya ta ce, "Kai Ɗanjuma, lafiyarka?" Ya amsa daga sama, "Iya, ku matsa gefe, ƙasa za ta zubo."

Fallen kwano biyu ya cire ta ɓangaren gabas. Da ya janye na biyun, sai hasken hantsi ya faɗo tsakiyar ɗakin, faɗinsa kamar tabarmar sallah. Ayashe ta runtse ido ta ɓoye fuska a ƙirjin kakarta. Can ta leƙo. Ta miƙa hannu cikin hasken, ta janye da sauri, ta duba hannun, ta sake miƙawa. Yarinyar da ta haura shekara biyu, ranar ta fara sanin ɗumin rana. Hansai ta juya mana baya tana share hawaye.

Na ce, "Iya, saura hula da safa da rigar sanyi."

Ta ce, "Ke dai ba a iya miki." Amma da hannunta ta cire su.

Haka aka shiga rani. Kowane hantsi a shimfiɗa tabarma a cikin hasken, a zaunar da Ayashe daga ita sai ɗan kamfai, uwarta ma ta zauna gefe ta buɗe hannuwa da ƙafafu, tunda ba mai ganinta. Idan rana ta take, Ɗanjuma ko Hansai su ja zana su rufe ramin. Maƙwabta suka yi ta tsegumi, wai Ɗanjuma ya taɓu, ya kware wa uwarsa rufi. Na koya wa Hansai ta busar da ƙananan kifi, ta daka su har da ƙayar, ta tankaɗe, ta riƙa zubawa a kunu da miya. Ana karɓar madara wajen matan Fulani a tafasa. Ƙwai ne muka fi daɗewa muna ja, daga baya Iya ta ce a ba ta, idan ta yi sata ni za a kai wa ƙara.

Maganin kuwa Iya ce ta karɓe shi, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba. Ko sau ɗaya ba ta tsallake ba.

Nakan leƙa su idan na sami sarari. Abin da na lura da shi, hasken nan ba ya zama wuri ɗaya, yana tafiya a hankali daga gindin bango zuwa bakin gado. Ayashe ta gane haka. Da ya gusa sai ta bi shi da jan gindi. Bayan wani lokaci ta koma rarrafe. Gumin kai ya ragu, kukan da take yi idan an taɓa ƙafarta ya daina, sababbin haƙora suka fito. Wajen tsakiyar bazara na same ta ta kama ƙafar gado ta miƙe, tana rawar jiki, tana dariya, Iya na cewa, "Ƙawata, a hankali, ba kora ake yi ba." Amma ko taku ɗaya ba ta saki hannu ta yi ba.

Sai ga hadarin farko ya fara haɗowa daga gabas. Dole a mayar da kwano, in ba haka ba ruwa ya cinye ɗakin. Maganin ma ya zo ƙarshe. Na tafi gidan da sauri, na tarar Ɗanjuma ya riga ya buga ƙusoshinsa, ɗaki ya koma duhunsa na da. Ayashe na zaune tana nuna rufi da yatsa tana kuka.

Na ce, "Iya, don girman Allah. Kin ga da idonki abin da rana ta yi mata. Damina guda a cikin duhun nan, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza. Tsakar gida kawai. Ni zan tsaya a zaure in kori duk mai shigowa."

Hawaye na bin fuskarta ta ce, "Na gani, 'yar nan, ban musa ba. Amma hannuna ba zai iya ba. Duk wanda na ɗauka na fitar, ɗaukarsa na sake yi zuwa makwancinsa."

Na fito ban ko yi sallama ba, ba don fushi da ita ba, don kada in yi kuka a gabanta. A kan acaɓa na yi ta faɗa ni kaɗai, har mai babur ya tambaye ni ko da shi nake. Na gaya wa Malam Sabo cewa mun yi asara. Ya ce, "Hajiya, kin yi naki. Saura na Allah."

Bayan 'yan kwanaki, ranar rigakafi, rumfar asibiti cike da mata da goyo, ina tsakiyar faɗa da wata da ta zo ba katin ɗanta, sai na ji surutu ya ɗauke. Na ɗaga kai. Babur ɗin Ɗanjuma ne a bakin ƙofar shiga. Iya Tabawa ta sauko, ta sauke wata 'yar yarinya ta dire ta a ƙasa, ta miƙa mata yatsa ɗaya. Suka taho. Tafiya ce irin ta ɗan agwagwa, ƙafa a ɗan buɗe, ana yi ana tangaɗi, amma tafiya ce. Ba hula, ba safa, rana na dukan goshinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Iya! Wa ya fito da ita?"

Ta ce, "Wa kuwa? Ita ta fito da kanta."

Ashe tun da aka rufe rufin, kowane hantsi sai Ayashe ta yi ta neman haskenta a ƙasa tana kuka. Rannan an kwana ana ruwa, ɗaki ya yi danshi, da gari ya waye Iya ta naɗe asabarin ƙofa don ta fitar da tabarma ta shanya. Rana ta faɗo ta bakin ƙofa. Iya na tsakar gida tana shanya, sai ta ji Hansai ta ce, "Iya, kada ki motsa." Ta waiwaya. Ayashe ta kama gado ta miƙe, ta bi bango, bango ya ƙare, ta saki. Ta nufi hasken nan tana layi, ta dafa gefen ƙofa, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka dokin ƙofar, ta zo tsakiyar gida ta zauna daɓas cikin rana tana dariya.

Matan da ke rumfar duk sun san labarin gidan, don haka kowa ta kawar da kai, ba mai son a ce idonta ne. Iya Tabawa ta tsaya a tsakiyarsu, ta ɗaga murya ta ce, "Me kuke sunkuye-sunkuye? Ku kalle ta. Ku kalle ta da kyau, ku ce tubarkalla. Jikata ce, sunanta na gaskiya Amina."

Rumfa ta ɗauka da tubarkalla masha Allah. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Likita, duk alluran da ta rasa a fara mata. Hoton ƙafar ma da kike ta naci, a rubuta mana takardar, gobe ubanta zai kai mu."

Ni da ba a san ni da kuka ba, sai da na shige ɗakin allura na turo ƙofa.

An yi hoton, likita ya ce ƙashin na warkewa, ya ƙara mata magani, ya ce ƙafar za ta ci gaba da miƙewa da girma. Haka kuwa aka yi. Hansai ta sauka lafiya a hannuna, namiji, kuma tun kafin a yi arba'in kakarsa ke fito da shi shan hantsi a tsakar gida.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan, ku da za ku karɓi aikin nan daga hannunmu. Yaran da za ku samu da wannan ciwon, da yawansu ba 'ya'yan sakaci ba ne. 'Ya'yan gata ne, waɗanda aka naɗe, aka lulluɓe, aka ɓoye saboda tsananin so. Yanzu ma ga sabon yayi, mai hali ya rufe tsakar gidansa ruf da kwano don iyalinsa su huta da zafi, yara su tashi ba su san hantsi ba. Idan kun shiga irin gidan nan, ilimin da ke kanku daidai ne, amma ba shi zai buɗe ƙofa ba. Ku zauna a ƙasa ku tambayi tsohuwar gidan abin da take tsoro, ku kuma yi shiru har ta gama faɗa. Ni zuwana na farko na yi bayanin bitamin D tiryan-tiryan, na fito hannu wofi. Zuwa na biyu tambaya ɗaya na yi, masunci ya ɗauko guduma.

Bara na bi ta garin zuwa gaisuwar rasuwar Iya Tabawa, Allah ya jiƙanta. Ina zaune cikin mata wata budurwa ta shigo da tulun ruwa a ka, tana tafiya tsaye kyam, ta sauke ta durƙusa ta gaishe ni. Ban gane ta ba sai da Hansai ta ce, "Likita, mutuniyarki ce fa." Na kama hannunta na shafa wuyan hannun, na ji shi sumul. Ta yi dariya ta ce wai har yanzu ba ta iya zaman ɗaki da hantsi.